Kwanar da ta Kayar da Sannu-Sannu

Duk mai bin titin da ya taso daga gidan mai zuwa kasuwa ya san Inna Mai Shara. Shekara goma sha tara ke nan tana share wannan yanki, daga ƙofar gidan mai har kwanar da ta karya hagu, da baronta mai kukan taya da tsintsiya mai dogon hannu. Baki gare ta, a yi gaskiya. Ka yar da leda a gabanta, sai ka ji tarihin tarbiyyarka tun daga goyo. Amma titin nan ta san shi kamar tsakar ɗakinta. Kafin rami ya buɗe a kwalta, ta riga ta nuna wurin.

Mijinta dakon ƙwai yake yi da babur, daga wata gonar kaji zuwa shaguna. Sannu-Sannu ake ce masa, don matasan masu babur sun rantse keke ma yana wuce shi. Shi dai sai murmushi. Shekara ashirin da biyu bai taɓa fasa kiret ɗin ƙwai ko ɗaya ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake taƙama da shi a duniya.

Wata Litinin da hantsi, rana tas, ba ruwa ba yashi, ba wanda ya gitta masa, babur ya zame daga ƙarƙashinsa a kwanar nan. Kiret goma suka tarwatse, gwiwa ta ɗaye, kafaɗa ta goce. Mai gonar ya zo dubiya har gida, da zai tashi ya ce, "Baba, shekaru ne suka zo. Ba ni mukullin babur ɗin, ka huta haka nan."

Maganar ta ƙona wa Inna rai, amma abin da ya fi yi mata ciwo shi ne mijin ya yarda. Sai ta same shi zaune a bakin gado yana miƙe hannuwa, yana duba ko rawa suke yi.

"Ƙila gaskiyarsa ce," ya ce. "Ko birki ban taɓa ba, ban kuma ga komai a ƙasa ba."

"Haba, Maigida! Ruwa ba ya tsami banza. Hannun da ke zura mini zare a allura ne zai kasa riƙe babur?"

Tsintsiyarta ta fara tunawa. Wasu ranakun, in ta share kwanar, bakin tsintsiyar kan yi baƙi ya yi danƙo, ƙura ta cure a jiki. Da can tsaki kawai take yi ta wanke. Wannan karon ta kai hanci, ta ji warin dizal. Ta tsallaka wajen mai facin da ke bakin kwanar ta tambaye shi mutum nawa suka faɗi a nan. Ya ƙirga biyar cikin wata biyu, ya rage murya ya ce wurin nan yana da masu shi.

"Masu shi kuma? To waɗanne ranaku suke fitowa?"

Ya lissafa da yatsunsa. Ashe duk Litinin ne ko Alhamis.

Ranar Alhamis ta kafa baronta ta zuba ido. Can sai ga wata motar ɗaukar bulo ta shiga gidan mai, aka cika mata tanki fal. Tankin ba murfi, tsumma ne aka cusa aka ɗaure da leda. Motar na karya kwana, dizal ya ɓulɓulo ya ja dogon layi daidai inda babura ke kwantowa. Kafin ka ce kwabo ya saje da baƙin kwalta, kai ka rantse busasshen titi ne. Inna ta kwashi yashi ta rufe shi cike da haushi.

Ta yi sammako zuwa gonar kaji, ta tsaya a ƙofa ta ƙi gusawa. "Yallaɓai, minti goma na roƙa, ranar Litinin a kwanar nan." Mai gonar ya amsa ne don ya rabu da ita.

Ya kuwa zo, da takalminsa mai sheƙi. Sannu-Sannu ma ya ɗingiso, hannu rataye a wuya. Inna ta gindaya baro ta tare babura, motar bulo ta zo ta yi abin da ta saba.

"Ni fa ban ga komai ba," in ji mai gonar.

"Gani ya kori ji, Yallaɓai. Taka nan."

Ya taka da ƙarfinsa. Ƙafa ta yi gabas, hula ta yi yamma, sai ga mutum zaune dirshan a tsakiyar titi. Mai faci ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Inna ta miƙa masa hannun tsintsiya ya kama ya tashi, sannan ta ce a ladabce, "Sannu, Yallaɓai. Kai ma shekarun ne suka zo?"

Mutumin kirki ne, shi ya fi kowa dariya. Nan take ya laluba aljihu ya fiddo mukulli. Masu babur kuwa suka bi direban har inda yake sauke bulo, ba su bar shi ba sai da ya ɗaura murfi na gaske.

Sannu-Sannu bai karɓi mukullin nan da nan ba. Durƙusawa ya yi da ƙyar, ya shafa kwalta da yatsa, ya shinshina. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ashe ba hannuna ba ne," ya ce.

Inna, mai bakin nan, ta kawar da kai gefe. Hawaye ta share da gefen mayafi, tana jin daɗin da ba ta ji irinsa ba tun haihuwarta ta fari.

Yanzu bokitin yashi ba ya barin baronta, kuma in ta ɗaga tsintsiya sama, babu mai babur ɗin da ba ya sassautawa. Kowane hantsi Sannu-Sannu kan ɓullo da kiret goma a bayansa, ya karya kwanar a hankali, ya danna mata ƙaho sau biyu.

"Ƙara wuta mana, Maigida!" sai ta ƙwala masa. "Ga keke nan zai wuce ka!"