Ranar da Kawu Ya Nemi Kujerar Bakin Ƙofa

Hannunta na fara gani, kafin fuskarta. Ina zaune a gefen rumfar kawuna a tashar Adjamé da ke Abidjan, na baza littattafan soyayya da direbobi ke kawo mini daga Kano ina ba da haya, sai wani hannu mai jan lalle ya fito daga cikin mayafi ya ɗauki ɗaya, ya juya bayansa, ya ajiye. Mai hannun ta ce, da Hausarta mai gaurayen Faransanci, "Wannan a ƙarshe mutuwa suke yi. Ba ni wanda ake aure." Na ba ta. Kafin ta tsallaka titi ta hau motar hayar da ake kira gbaka, ni har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

A unguwar Biafra take, can Treichville. Mahaifinta Alhaji ne mai shigo da atamfa da leshi, ɗan sahun gaba a masallaci, mutumin da kowa ya san ya taɓa sallamar direbansa a tsakiyar titi don ya ji warin giya a bakinsa. Na daɗe ina tsallaka gada da yamma, ina tsayawa a ƙofar gidansu ina karanto mata kalaman da na haddace, tana gyara mini inda na yi tsallake. Da magana ta kai gaban Alhaji, sai ya ce shi ba ya ba da 'ya, yayansa da ke Yamai ke bayarwa. In da gaske nake, babbana ya shirya su tafi tare, kuma shi a jirgi yake tafiya.

Babbana kuwa Kawu ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Falken goro ne, ya ci hanyar arewa a manyan motoci har ya san ramukanta. Yana da ƙa'idoji biyu na tafiya da ba ya karyawa. Na farko, kujerar bakin ƙofa tasa ce: a nan ake miƙe ƙafa, a nan ake fara sauka a yi alwala, kuma duk tasha an san ba a ba ƙaramin mutum ita. Na biyu, kafin mota ta tashi sai ya sayi maganin murar nan ja a farantin matan tasha ya haɗiya, don ya yi barci har Bouaké, kada ya ji jijjiga da kukan yara. Jirgi kam bai taɓa shiga ba. Amma ba zai yarda surukin gobe ya sauka ta sama shi ya iso a mota da ƙura a gemu ba. Ya ce in biyo shi in riƙe jaka, in kuma taya shi da Faransanci.

A filin jirgi, da muka zo gaban matar da ke raba kujeru, Kawu ya zungure ni. "Gaya mata bakin ƙofa nake zama." Matar ta dube shi, ga tsawo ga ƙirji, ta tambaye shi ko yana jin Faransanci. Ya ce "Wi, wi," da ƙarfi irin na tasha. Ta ba shi kujerar da ke jikin ƙofar gaggawa, ta tsakiyar jirgi. Ni kuwa, don rashin sa'a, tawa ta faɗo daidai gefen Alhaji, mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Muna zaune a ɗakin jira na ga Kawu ya juya wa Alhaji baya, ya warware wata 'yar takarda.

"Kawu, tafiyar nan fa ba nisa. Kafin la'asar mun sauka."

"Kai ka taɓa ganin Yamai marar nisa?"

Ya jefa biyu a baki maimakon ɗayan da ya saba. Na gane tsoron jirgi ne, amma babba ba ya cewa yana tsoro. Bai daɗe da haɗiyewa ba aka yi shela cewa jirgi zai yi jinkiri.

Lokacin da aka kira mu, maganin ya riga ya isa Bouaké, Kawu kawai ya bari a Abidjan. Idanunsa sun yi ja, hularsa ta karkace, yana taka matakalar jirgi kamar mai tsallake kwata. Na rungumo shi ta kafaɗa kamar muna hira, na kai shi kujerarsa, na ɗaura masa bel. Ya miƙe ƙafafu, ya ce "Madalla," ya sauke kai. Na koma gefen Alhaji na takure, ina addu'ar a tashi kafin wani ya lura.

Sai ga ma'aikaciyar jirgi, wata doguwa mai ɗaurin gashi, ta tsaya a kansa. Ashe wanda ya zauna a wurin nan ba hutu aka ba shi ba, aiki ne. In wani abu ya faru, shi zai ɗaga ƙofar mai nauyi ya buɗe wa jama'a hanya, don haka sai an yi masa bayani ya ce ya ji ya yarda. Ta durƙusa ta taɓa hannunsa.

"Tonton? Baba, kuna ji na?"

Kawu ya buɗe ido ɗaya, ya ga kayan sarki. Shekara da shekaru, duk mai kayan sarkin da ya tashe shi daga barci jandarma ne a shinge. Ya laluba aljihu, ya zaro katin zamansa ya miƙa mata, ya ɗora farin goro a kai.

"Shef, goro ne kawai a buhunan," ya ce, harshensa na harɗewa. "Mun wuce Ferké?"

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta miƙe ta ɗaga murya. "Wa ke tare da mutumin nan? Il a bu?"

Wato, ya sha giya ne? A jirgin nan akwai 'yan kasuwar Adjamé da na Treichville da yawa, kuma na ga huluna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Na san in maganar nan ta sauka a Yamai a haka, kafin mu dawo ta riga mu isa masallacin Biafra. Kawu, wanda ko ƙofar mashaya ba ya bi, zai zama dattijon da ya bugu a jirgi. Ni kuma zan zama ɗan gidan mashayi, a gaban mutumin da ya kori direba a tsakiyar titi.

A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri saurayi kan miƙe ya yi jawabi mai ratsa zuciya har mata su yi hawaye. Na miƙe, na isa wurin, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Madam, magani ne."

"Kowa haka yake cewa," ta ce. "In bai iya tsayuwa ya amsa mini ba, zan kira shugabanmu a sauke shi."

Sai na ji an dafa ni an matsar gefe. Alhaji ne. Ya tattare babbar rigarsa, ya sunkuya a kan Kawu, ya kai hancinsa dab da bakinsa ya shaƙa, a gaban kowa, ba kunya ba gaggawa. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na fara zuwa ƙofar gidansa.

"Jan nan ne na matan tasha?"

"Shi ne, Baba."

"Nawa ya sha?"

"Biyu."

"Biyu! Innalillahi. Ni da na fi shi jiki rabi nake sha, shi ma sai na ga an rufe ƙofa."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da tasa 'yar takardar, ya warware wa ma'aikaciyar ta gani. Mutumin da ke zuwa Dubai kamar zuwa kasuwa, ashe shi ma da guzurin tasha yake hawa sama. Ya yi mata bayani da Faransancinsa na kanti, sannan ya juya ga hulunan nan ya ce da Hausa, "Jama'a, barci ne. Na shinshina da kaina. Wanda kuma bai taɓa sayen jan nan ba a cikinku ya ɗaga hannu." Ba wanda ya ɗaga. Wani ma daga baya ya ce, "Alhaji, ko akwai saura?"

Ma'aikaciyar ta sassauta, amma ta ce ko barci ne ko mene ne, ba zai zauna a nan ba. Nan fa Kawu ya farka sosai, ya riƙe hannun kujera. "Yarinya, ni da bakin ƙofa tun ba a haife ki ba."

Alhaji ya kama hannunsa. "Taso, Malam. A jirgi nan wurin kwandasta ne. Manya a baya suke, zo kusa da ni."

Kawu ya yi nazari da ido rabi a rufe, ya ga maganar ta yi daidai da girmansa, ya tashi.

Ni aka zaunar a wurin. Ta nuna mini hannun ƙofar, ta tambaye ni ko zan iya, na amsa da muryar da na so a ce budurwata ta ji. Daga Abidjan har Yamai ban ɗauke ido daga ƙofar nan ba. A raina jirgin ya kama wuta ya fi a ƙirga, kuma kowane karo ni ke fitowa daga hayaƙi da Alhaji a bayana, yana cewa na ba ka ita ba sadaki. Ba abin da ya faru sai lemo da aka raba. Da na waiwaya, Kawu ya kwantar da kai a kafaɗar Alhaji yana munshari, yawu na jiƙa shaddar bawan Allah, shi kuma ya haɗiyi rabinsa ya jingina da Kawu.

Washegari Kawu ya tashi garau, ya yi magana a gaban yayan Alhaji kamar mai wa'azi, aka ba mu. Alhaji bai ɗaga zancen jirgi ba sai da aka shafa fatiha, daga nan kuma bai sake ajiye shi ba har ƙarshen ransa. Amaryata ta sa na ba ta labarin sau da yawa, kullum a wurin goron take faɗuwa da dariya.

Kawu a mota ya dawo Abidjan, shi kaɗai, kuma bai ƙara taka jirgi ba. Da yaƙi ya raba ƙasar aka tsare hanyar arewa, cinikin goro ya yi masa wuya, ya lallaɓa wasu shekaru, daga baya rikicin zaɓe ya sa ya tattara ya koma Maradi. Na kai masa ziyara na same shi a ƙofar gida, ya tsufa, idonsa ya rage gani, yana ba maƙwabta labarin zamaninsa. Ya ce shi da ya shiga jirgi, ma'aikatan na ganinsa suka gane babban mutum ne, suka taru a kansa suna roƙo, wai bai dace irinsa ya yi gadin ƙofa ba, sai suka ɗora yaronsa a wurin. Ya juyo inda ya ji motsina ya ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi." Na ce haka aka yi.