Layi Uku a Gonar Inna Dudu

Wannan abin da zan ba ku, wallahi ba ji na yi ba, a kaina ya faru, shekarun baya lokacin ina da garejin gyaran tarakta a Jekadafari. Ni dai Allah ya jarrabe ni da son tsofaffin taraktoci, irin na zamanin da auduga ke tashe a Gombe, duk inda na ji an yar da wata sai na riga 'yan gwangwan zuwa, in jawo ta in gyara in yi mata fenti in jera, har abokan sana'a suna ce min mai gidan tarihi.

A Manawashi na gamu da Baffa Hammadu, tsohon direba, yana da wata 'yar tarakta ja da na daɗe ina neman irinta, kaji na kwana a ƙarƙashinta amma bugu ɗaya take tashi. Su biyu suka saye ta da amininsa, aminin ya rasu ya bar matarsa Inna Dudu da gona a bayan gari, tun daga nan duk ruwan shuka gonarta yake fara huɗa kafin ta kowa.

Ya ce, "Ɗana, idona ya tafi, ba na ganin layi. Ba sayarwa na yi ba, ba ka na yi. Amma in ruwa ya sauka, gonar Dudu ce farko."

Na ce, "Haba Baffa, wannan ai ba aiki ba ne."

Rani guda na yi a kanta, ta fito tana sheƙi, na cire batir na ɗora ta kan kututture kada tayoyin su lalace. Da ruwa ya sauka na dubi fentin nan na tuna laka, sai zuciya ta ce a nemo ta haya mana. Gobe, jibi, har kwana tara. Kaico.

Wata Talata bayan azahar sai ga Baffa a ƙofar gareji, ba ko sanda. Ya shafa murfin injin ya ce, "Ta yi kyau. Ƙasa fa tana bushewa." Na ce gobe da yardar Allah, ya dube ni, ya juya ya tafi.

Na kulle gareji na shiga kasuwa. Da na dawo bayan la'asar kwaɗo na nan yadda na bar shi, batir na gefe, tarakta na kan kututturenta, amma tayoyin nan cike da ɗanyar laka, na taɓa injin har ya ƙona min hannu. Na hau babur sai Manawashi, na tarar da tabarmi a ƙofar gidan Baffa mutane zazzaune. Wai tun da hantsi aka kai Baffa makwancinsa.

Daga nan na wuce gonar. Inna Dudu na duƙe da fartanya, ga huɗa sabuwa layi uku da sawun taya. Ta ce, "Sannu yaro. Hammadu ya zo ɗazu ya yi uku, ya ce kai za ka ƙarasa." Tun safe tana gona, labari bai iske ta ba, ni na faɗa mata.

Taraktar ba ta sake tashi ba, duk iyawata kuwa. Kafin in samo ta haya ruwa ya ɗauke mako biyu, shuka ta makara, layi ukun nan kaɗai suka yi dawa. Da kaka Inna Dudu ta koma wurin 'yarta, ba ta ƙara noma ba. Ina jin kunyar matar nan har gobe.

Ban san me na gani ba, ban kuma tambayi kowa ba. Ku dai in an ba ku abu da sharaɗi, ku cika shi ranar da aka ce. Taraktar na nan a gidana, masu kallo suna tambaya me ya sa ban wanke tayoyin ba.