Sabuwar Waƙa a Layin Banɗaki

Lindsay Pavlich ya yi shekara arba'in yana gyaran famfo a garin Port Kembla, kuma tun kafin ya riƙe sifana yake kaɗa ganguna. Ba mutum ne mai magana ba. In ka kira shi famfonka na yoyo, zai zo, ya durƙusa, ya gyara, ya tafi, wani lokaci ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

Ƙungiyarsu ta kiɗan rok sunanta Murhu Na Biyar, don a gindin murhun masana'antar ƙarfe suka tashi su huɗu. Suna samari suka yi wata waƙa da ta shiga rediyo, aka yi damina ɗaya ana jin ta a kowace mota. Shi ke nan. Sauran rayuwarsu a kan wannan waƙar da 'yan uwanta na faifan farko suka yi ta. Yanzu gashin mai waƙarsu, Graeme, ya koma bayan kai, mai jita sai a kan kujera yake kiɗa saboda ƙugu. Wasan dare sun bar wa yara. Ranar Lahadi da la'asar suke hawa dandamali a kulob ɗin tsofaffin unguwa, bayan an gama cacar tikiti da ake cin tiren nama.

A wannan kulob akwai al'adar da ba wanda ya kafa, ba kuma wanda ya taɓa karyawa. Duk sanda Graeme ya kama lasifika ya ce, "Wannan sabuwa ce," sai ka ji kujeru sun yi ƙara gaba ɗaya. Maza su yi hagu, mata su yi dama, kowa ya nufi banɗaki. Waɗanda mararsu ke da sauran ƙarfi su tsaya sayen giya. Da an gama sabuwar, su dawo su zauna, su ma tafa, don mutanen kirki ne.

Lindsay bai taɓa damuwa ba, tunda sababbin duk na Graeme ne, kuma a ransa ya san banɗakin ya fi su daɗi. Sai da ya ajiye aiki, yana kwashe tarkacen gareji, ya ci karo da kwanon abincin babansa, wanda tsohon yake ɗauka zuwa murhu kullum da asuba. Duk ya lotse, marfin da waya aka ɗaure shi. Ya zauna da kwanon a cinya, kafin matarsa Raelene ta kira shi cin abinci ya yi waƙa. Ita ce ta farko a rayuwarsa, kuma abu ɗaya yake so: a shiga sutudiyo a ɗauke ta a faifai tun hannunsa na iya riƙe sandar kiɗa.

Suka gwada ta wata Lahadi. Graeme ya ce, "Wannan sabuwa ce," ɗaki ya watse. Aka bar Raelene da wani tsoho da ya cire na'urar kunnensa yana barci.

Suna naɗe wayoyi Graeme ya ce, "Ka gani da idonka, Linds. Daga yau ba sauran sabuwa. Mutanen nan ƙuruciyarsu suke zuwa ji, ba labarin kwano ba."

"Ba su ji ta ba," in ji Lindsay.

"To ai shi na ce."

"A'a. Cewa ka yi ba sa so. Ni na ce ba su ji ba."

"Kai tsoho, tun muna da gashi nake fama da kai, sai yau ka iya gardama? Mu biya sutudiyo saboda matarka da kurma?"

Raelene ta ce daga inda take zaune, "Kurman ma barci yake, Graeme, kada ka ƙirga shi."

Lahadin da ta biyo baya, tsofaffin waƙoƙi zalla suka jera, ɗaya na bin ɗaya. Da farko ɗaki ya yi murna. Can tsakiya Lindsay, da yake daga bayan ganguna yana ganin kowa, ya lura fuskoki sun fara canjawa. Ƙafafu na harɗewa. Wata tsohuwa ta riƙe bakin tebur kamar mai jiran haihuwa. Ba mai iya tashi, don a garin nan tashi ana tsakiyar waƙar da ka yi rawar aurenka da ita abin kunya ne. Kowa na duban bakin Graeme, ana jiran kalmar ceto, shiru. Da aka buga gangar ƙarshe ba a ko tafa ba. Aka yi rububin ƙofa, har sandar wani ta karye.

Merv Tuckey ne ya fara dawowa, tsohon direban injin ɗaga kaya na masana'anta, ya haura tamanin. Ya zo gaban dandamali yana haki.

"Kai Graeme, kashe mu za ka yi? Ina sabuwar?"

"Merv, ai ba ka taɓa sauraron ko ɗaya ba."

"Wa ya ce maka don a saurara ake yin ta? Ni likita ya ce kada in riƙe! Ka mayar mana da sabuwarmu, ko ka sayo mana wanduna."

Manajar kulob ma ta zo ta ce kantin giya bai yi ciniki ba, in haka za a riƙa yi ta nemo masu kiɗan kaboyi. Dole Graeme ya sauko. Ya ce a mayar da waƙar kwano, tunda tana da ɗan tsawo, za ta ishi layin mata. "Amma maganar faifai ka manta, abokina. Ba mai sayen waƙar fitsari."

Ranar Asabar da safe Lindsay ya loda tsani da akwatin aikinsa a bayan mota. Shi ke gyara wa kulob ɗin famfuna kyauta tun fil azal, saboda haka ba wanda ya tambaye shi abin da yake yi a cikin silin. Ya ja waya daga dandamali, ta bi saman kicin, ta sauka a banɗakin maza, da na mata, da lungun da ake yin layi. Kowane wuri ya ɗaura ƙaramar sifika. Ya sauko, ya ga famfo ɗaya na ɗiga, ya ɗaure shi, ya koma gida ya yanke ciyawa.

Ranar Lahadi Graeme ya ce, "Wannan sabuwa ce." Kujeru suka yi ƙararsu, jama'a suka yi hanyarsu, waƙa ta bi su. Merv ya ba da labari daga baya cewa yana tsaye yana abin da ya kai shi, sai ya ji muryar Graeme a kan kansa, ya zaci ajali ne ya zo da mummunar murya. Amma banɗakin maza wuri ne da ba a hira, ba a duban na kusa. Mutum bango kawai yake kallo, kunnensa a buɗe. Kuma kusan duk wanda ke wannan layi babansa ya ɗauki irin wannan kwano zuwa wannan murhu.

Ranar Lindsay ya lura dai sun daɗe ba su fito ba, kuma Merv ya dawo yana goge ido yana zagin sabulun kulob.

Aka yi 'yan makonni a haka. Wata Lahadi suna tsakiyar waƙar, ɗaki wayam sai Raelene da mai barci, suka iso amshi. Graeme ya buɗe baki, sai ya ji an riga shi. Daga bayan bango, ta lungun banɗaki, muryoyin tsofaffi ne suke rerawa, maza da kauri, mata a sama, tayil ɗin bango na ƙara musu amo kamar a coci. Graeme ya tsaya da lasifika a hannu. Ya juyo ya dubi Lindsay. Lindsay bai ɗago ba, kiɗansa yake yi.

Bayan an tashi Graeme ya zo ya tsaya a kansa yana kwance ganguna.

"Kai ne ka ja waya."

"Famfo na je gyarawa."

"Famfon gidanku. To ka nemo mana rana a sutudiyon. Amma ka sani, har gobe ba za su zauna su saurare ta ba."

"Na sani," in ji Lindsay.

Sun ɗauki waƙar. Amshin kuwa Lindsay ya kafe sai dai a ɗauke shi inda aka haife shi, don haka mai sutudiyo ya kwaso na'urorinsa zuwa banɗakin kulob yana toshe hanci, tsofaffi suka jeru suna kallon bango, don Merv ya ce in ya juyo baitin ɓace masa yake. Faifan bai shiga rediyo ba. A kan teburin cacar nama ake sayar da shi, kuma har yau in an ce sabuwa ce, ɗaki watsewa yake.

Ranar da faifan ya iso, Raelene ta sa shi a falo. Lindsay ya zauna da kwanon babansa a gefe, ya saurara har ƙarshe. Inda muryoyi suka ɗauke, akwai ɗan sauti can ƙasa, ɗis, ɗis.

Raelene ta ce, "To? Ya ka ji?"

Ya miƙe yana laluben makullin mota. "Famfo na biyu daga ƙofa a banɗakin kulob. Robarsa ta cinye."