Ranar da Kakana Ya Yi Goyo

Duk sadda iskar hadari ta taso daga gabas ta soma kaɗa kwanon ɗakinmu, sai in aje abin da nike yi in nemo ɗiyata in riƙe hannunta. Maƙwabta har dariya suke mini. Ba su sani ba, ƙarar kwanon nan da ƙamshin ƙasa da ke riga ruwa zuwa, ni bayan kakana suke tuna mini.

Kakana, mahaihin babana, albasa yake saidawa a kasuwar Malanbil. Mutum ne mai kamun kai, ba ya dariya a waje. Farin rawani gare shi, tun tasowata ban taɓa ganin kansa ba sai da shi. Ko alwala zai yi, ɗan tura shi baya yake ya shafa ya maida. Amma ni da shi akwai wasa irin na jika da kaka. Amarya yake ce mini, ni kuwa in ce ban son miji mai hurhura.

Yana da wani baƙin keke mai kariya a baya, inda yake ɗaure buhu. Wata la'asar a ƙarshen bazara, lokacin ina 'yar ƙarama ban shiga makarantar boko ba, ya jawo keken zai tahi duba gonarsa ta hanyar Tumbutu, ya ga ko an gama sharar ta kahin ruwan shuka. Na riƙe kariyar na sa kuka sai na bi shi. Ya ce a bar ni mu tahi. Innata ta dubi sama, ta dube ni, ba ta iya musa wa surukinta ba. Sai ta ninka tsohon zane ta shimhiɗa mini, ta ce in buɗe ƙafafuna kada waya ta kama ni.

Gonar ba nisa. Mun bar gari, muka bi 'yar siririyar hanya ta gefen fadamar shinkafa, yashi nan, taurin ƙasa can. Iska shiru, zafi kamar an kihe gari da kwarya. Ina jin warin albasa a rigarsa, sarƙar keken tana 'yar ƙara, belbelu suna bin shanu. Ya zaga gonarsa ya dawo, muka juyo gida.

A nan ne gabas ta yi baƙi. Iskar ba ta yi sallama ba. Ganyen giginya ya dinga kaɗawa kamar ana taɓi, busasshen kara yana tashi sama. Babbar rigar kakana ta cika da iska ta lulluɓe mini huska, keken ya riƙa karkata, yana taka feda amma kamar ba mu gaba. Ni lokacin ba ni da nauyi, 'yar tsinke ce. Wata iska ta bugo ta gefe, na ji na tashi daga kan zanen, hannuna ɗaya ya suɓuce, takalmina ya tahi. Na ƙwala ƙara.

Ya taka birki ya sauka. Ba gida kusa, ba bukka, kuma ba a fakewa gindin itace in hadari ya taso. In ya tura keken a ƙasa ruwa da tsawa su riske mu a fili, in ya hau kuwa iska ta yar da ni. Na ga ya tsaya yana kallona. Sai ya sa hannu ya kwance rawaninsa.

Wallahi na manta da tsoro. Ashe sanƙo ne da shi, tal, kamar ƙwarya sabuwa.

Ya duƙa ya ce in hau. Ya jawo rawanin ta bayana, ya ɗaure a cikinsa kamar mai ɗaure buhu, yana miƙewa na zamo ƙasa. Bai taɓa goyo ba, ina zai iya? Allah ya kawo wata Bahillata mai tallan nono, ta rungume ƙwaryarta tana sauri zuwa ruga. Ta tsaya tana dariya.

«Alhaji, ba haka a kai ba. Duƙa da kyau, kamar mai shara.»

Kakana, mutumin da manyan kasuwa ke tashi su ba shi tabarma, ya duƙa kamar mai shara. Ta gyara mini ƙafafu a kwiɓinsa, ta ja rawanin ta ƙarƙashin hammatarsa ta soke a ƙirji, ragowar ta ɗaure a ƙasa ya zama majanyi. Ta ɗan buga gadon bayana ta wuce.

Ya hau. Iskar ba ta ragu ba, keken na ta rawa, amma ni kunnena na manne da bayansa, ina jin numfashinsa da addu'ar da yake yi a ciki. Ɗumin bayan nan ban sake samun irinsa ba.

Akwai hanyar bayan gari da za ta kai mu gida ba wanda ya gan shi, sai dai zagaye ce, ga yayyahi ya soma. Ya miƙe ta tsakiyar unguwa, ta gaban rumfar masallaci inda abokansa suka fake. Suna ganinsa kai a waje, ga kulli a ƙirji, wani ya ɗaga murya:

«Kai, Alhaji! Yaushe anka haihu ba a gaya muna suna ba?»

Bai tsaya ba. Ya waiga ya ce, «Amaryata ce na ɗauko. Ku wa yab ba ku?»

Muna shiga zaure ruwa ya kece. Har ya rasu abokansa Mai Goyo suke ce mishi, shi kuwa bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Yanzu hanyar nan kabu-kabu ne ke gudu a kanta, ba mai jiran wani. Ni ko bakin titi ban bari ɗiyata ta tahi ita kaɗai. In babanta ya ɗauke ta bisa babur, ina tsaye a ƙofa har su dawo, ya ce na cika tsoro. Na ɗauka mutanen zamanin da, zuciyarsu ta hi tamu ƙarhi ne. Kwanan baya na je gida na tambayi innata yadda ta iya barina na tahi alhali ta ga sama. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

«Wa yac ce miki na iya? Ran nan tuwona ƙonewa yay yi ƙurmus, ina bakin zaure ina leƙe. Duk gidan da garin rogo munka kwana.»