Nonon da Ya Ƙi Sauka

Haihuwar fari a gidan iyayena na yi ta, a ƙauyenmu gefen Bici, lokacin da gero ke fid da kai. Yayata, wadda ke aure a bayan katangarmu, ta riga ni sauka da 'yan makonni, ɗanta na uku. Ita ko tari jaririnta ya yi, sai gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Ni kuwa na sha kunun kanwa har na gaji, nono ya cika ya yi tauri amma ya ƙi sauka. Yaro ya ja, ya saki, ya tsala kuka.

Inna ta ce, "Miƙa wa yayarki shi kafin ya shiɗe."

Na miƙa. Ya yi luf a jikinta, tana shafa kansa tana yi masa wasa. Ni ba dama, ɗan fari ne, ko kallonsa na yi a gaban mutane sai a ce ba ni da kunya. Sai in ƙura wa rumbu ido, kishi na cina. Har jiƙaƙƙiyar rigar tata haushi take ba ni.

Ranar rigakafi malamar asibiti ta duba ni. Ta ce, "Ruwa kam akwai. Ƙwaƙwalwa ce ke sakin wani sinadari cikin jini ya matso shi. In kika kalli yaron, kika shaƙi ƙamshin kansa, sai ta saki. In ranki a ɓace yake, sai ta riƙe. Sinadarin kuma in ya zo, shi zai kwantar miki da hankali. Kina kallonsa kuwa?"

Na sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne."

"To, nemi inda babu kowa."

Da hantsi, an watse zuwa gona, na shige ɗaki da yaron na saki labule. Na kalle shi son raina. Ashe kunnuwan Baba ya ɗebo. Na sa hanci a kansa, sai na ji wani yarr a ƙirjina, ruwa ya ɓalle, hankalina ya kwanta. Ya sha ya ƙoshi.

Yanzu ya zama saurayi. In ya dawo hutun makaranta muka je gidan iyayena, gidan yayata yake fara shiga, ina jiyo ta ta katanga tana kwaɗa masa kira da sunansa, wanda ni ban taɓa kamawa ba. Ita yake ce wa Umma. Ni kuwa Anti.