Kyamarar Roba da ta Ƙarfe a Hannun Kaka

Ni da taubashina, ɗan kawuna, ba mu taɓa yin baki ɗaya a kan komai ba. Da muka sayi kyamara a shekara guda kuwa, dangi suka gyara zama don sun san za a sha kallo. Duka biyun ƙanana ne, irin na 'yan koyo marasa madubi a ciki, masu shiga aljihun riga. Tasa jikin ƙarfe ce, siririya, sumul kamar sabulu, ga nauyi mai daɗi a tafin hannu. Tawa roba ce zalla, da wani ƙusumbi a gefen dama inda yatsu ke kamawa, da allo mai juyowa ya kalli mai riƙe da ita. Shi da yake ɗaukar hoton bikin coci a unguwar Herwagana sai ya laƙaba wa tawa suna bokiti. Ni kuma na ce tasa sai an shafa wa hannu ƙaro kafin ta riƙu, don na ga ranar da ta kusa suɓuce masa a keke kan hanyar Tumfure, na yi dariya har mai keken ya waiwayo.

Kakarmu ta unguwar Malam Inna ce ta raba gardamar. Tsohuwar nan ba ta da hoto, duk wanda ya ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Jikinta ya fara ja da baya, ni kuwa ina tsoron ranar da 'ya'yana za su tambaye ni kamanninta in rasa abin nunawa. Da ƙyar da jiɓin goshi muka shawo kanta. Ta ce hoto ɗaya tak, kuma ita za ta zaɓi wadda za a ɗauke ta da ita.

Muka ajiye mata su a kan tabarma. Ta jawo ta ƙarfen ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, yadda take gwada tukunya a kasuwa, ta kasa kunne, ta gyaɗa kai. Taubashina ya fara hura hanci. Da ta ƙwanƙwasa tawa sai ta taɓe baki, wai ƙarar tsagaggiyar ƙwarya take yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi kuwa har da shewa.

Sai dai yatsun Kaka tsufa ya lanƙwasa su. Tana ɗaga ta ƙarfen, sai kyamarar ta sulale ta faɗa cinyarta, mai ita ya zabura kamar ya taka garwashi.

"Mijina," in ji ta, don haka take tsokanar jikokinta maza, "wannan kyau gare ta, amma ba ta son a riƙe ta."

Ta ɗauki tawa a raine. Yatsunta suka zauna daram a ƙusumbin nan da ake yi mini gori a kansa. Neman tsokana ya sa na miƙa hannu na juya allon, don in ga ta razana. Ba ta razana ba. Ta ƙura wa fuskarta da ta bayyana a allon ido, ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Wannan ai innata ce."

Yatsanta na kan maɓallin, sai muka ji ƙyas.

Muka yi ta roƙo cewa wannan gwaji ne, ta bari a yi na gaskiya. Ta ja mayafinta ta ce ɗaya ta alkawarta, kuma an yi.

Hoton a karkace yake, ya yanke mata rabin goshi, ga kunnen taubashina a kusurwa. Kaka ta rasu da daminar da ta biyo baya, ba mu da wani sai shi. Har yau taubashina bokiti yake ce wa kyamarata, amma hoton da ke rataye a ɗakinsa daga bokitin ya fito, kuma shi ya zo da ƙafarsa har gidana a Tumfure ya roƙa.