Gaya wa Uwar Ɗakinka

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Haka ake yi a wajenmu, can ƙasar Ikara: uba yana jin kunyar ɗansa na fari, ba ya ambaton sunansa, ba ya zama su yi hira, ba ya jerawa da shi a hanya. Mun zama Kirista tun zamanin kakana, amma coci bai taɓa wannan kunyar ba. In Baba yana son ruwa, sai ya dubi Inna ya ce, “Babu mai ɗebo ruwa a gidan nan ne?” alhali ga ni tsaye a gabansa. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi a kowane gida.

A tsakiyar shekarun tamanin ina aikin nas a wani asibiti, ina zaune ni kaɗai a garin Greenbelt, can ƙasar Turawa, a hawan ƙasa na wani gidan haya mai 'yar ciyawa a gaba. Inna ta rasu, zuciyar Baba ta fara ba shi wahala, na yi ta faɗi-tashi har na kawo shi ya ga likita. Sai da muka iso daga filin jirgi na rufe ƙofa, sannan na tuna abin da ban shirya masa ba. Babu Inna, babu ƙannena, babu wanda Baba zai bi ta kansa ya yi mini magana.

Kwikwiyo ne ya fid da mu. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni shi, ja ne, kunnuwa a faɗe, ƙafafu sun fi ƙarfin jikinsa. Tun yana ƙarami nake yawo da shi ko'ina, ya saba da yaran unguwa, da mai kawo wasiƙa, da motar shara, da karnukan maƙwabta. Kowa nasa ne. Da ɓarawo zai shigo, rakiya kawai zai samu. Baba kuwa tsohon maharbi ne, ya yi kiwon karnukan farauta, don haka da ya ga kare yana barci a kan kafet yana cin abincin gwangwani sai ya taɓe baki, ya ce wa bango, “Wannan ko ɓera ba zai kama ba.”

Ba a daɗe ba, wata safiya ina ɗaura takalmi na ji ya ce wa kwikwiyon, “Kai, gaya wa uwar ɗakinka shayin nan babu sukari.” Na tsaya cak. Na dubi kwikwiyon na ce, “Gaya wa abokinka likita ne ya hana.” Baba ya yi dariya har da tari.

Daga ranar bakinsa ya buɗe. Da yamma in na dawo, sai ya zauna ya ɗora ƙafa a bayan karen ya yi ta ba shi labari, ni kuma ina kicin ina wanke kwano ɗaya har ya kusa hujewa. A haka na ji labarin farautarsa, da yadda ya nemi auren Inna, da ranar haihuwata. “Ranar da aka haifi uwar ɗakinka,” in ji shi, “daji na tafi na ƙi dawowa, don kada mutane su ga bakina ya ƙi rufuwa.” Na haura shekara talatin ban san haka ba. Na yi kuka a kan kwanon, kukan daɗi.

Likita ya ce ya riƙa tafiya kullum. Kowace safiya in na tafi aiki, sai ya ɗora ƙatuwar kwat a kan rigarsa, ya kafa hula, ya ɗauki igiyar karen su bi hanyar ƙafa har bakin tafki su dawo. Wannan tafiyar ita ce kaɗai abin da ya rage masa. Ba gona, ba abokan hira, talabijin ba ya jin abin da take cewa. Ya sha gaya wa karen cewa ba don fitar nan ba, da shi da akuyar da aka ɗaure a turke duk ɗaya ne.

Da ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba, karen ya canza. Bai cika shekara ba a lokacin. Wata ranar hutuna na fita da shi, muna isa inda hanyar ke gangarawa ta bi ƙarƙashin titi, sai ya turje. Ya cusa jela tsakanin ƙafafu, jikinsa na ɓari, na ja na lallasa ya ƙi. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. In wani ya sunkuya zai ɗaura takalmi, sai ya hau kuka yana ja da baya. Yaran da yake yi wa tsalle ya daina kula su. Tafiya yake yana ɗaga kai yana duban fuskata, kamar mai jiran wani abu ya same ni.

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani. Na yanke cewa yaran wani maƙwabci ne suka jefe shi, na je har ƙofarsu na zazzage musu abin da ke cikina. Bayan haka na kai shi wurin likitar dabbobi. Ta duba shi ta ce lafiyarsa ƙalau, ƙananan karnuka sukan shiga irin wannan tsoro in sun fara girma, kada in ja shi da ƙarfi, kada in dake shi, zai wuce. Sai ta ƙara da cewa wani lokaci kuma wani abu ne ya firgita kare a wuri. Ta tambayi mai fita da shi, na ce mahaifina. Ta ce, “To ai sai ki tambaye shi.”

A bakinta abin da sauƙi. Ni da nake wuni ina tambayar baƙin mutane fitsarinsu da bayan gidansu, ban san ta inda zan dubi Baba in tambaye shi ba. Na bi hanyar da muka saba. Na shafa kan karen na ce, “Kai kuwa me ya same ka a gangaren nan?” Sai Baba ya ce, “Gaya mata kare ba ya tsoron banza. Amma gaya mata ba komai.” A wajenmu in babba ya ce ba komai, magana ta ƙare, sai na ja bakina.

Wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a samanmu ce ta tare ni a wurin ajiye motoci. Ta tambayi jikin Baba. Ta ce ta sake ganinsa a ƙasa a bakin gangaren, karen yana zagaye shi yana kuka yana lasar fuskarsa, da ta matso sai ya tashi ya kakkaɓe, ya ɗora yatsa a baki. Ta sake ganinsa, in ji ta, wato ba wannan ne karon farko ba. Nan take na tuna kwat ɗin da ya fara wankewa da kansa, da ƙujewar tafin hannunsa da ya ce wa karen ƙofa ce.

Na shiga na same su a inda suke zama. Na durƙusa, na riƙe kan karen da hannu biyu.

“Tambayi abokinka, tun yaushe yake faɗuwa?”

Baba ya dubi taga. “Gaya mata tun da ganye ya fara zuba. Duhu ne ke rufe mini ido, sai ya wuce. Gaya mata na san in ta ji za ta hana mu fita. Ta bar mana hanyar nan.”

Na san abin da irin duhun nan ke nufi ga mai ciwon zuciya. Na ce, “Gaya masa ba zai ƙara fita shi kaɗai ba.” Washegari na sa igiyar a jakata na tafi da ita aiki.

Na ce zan riƙa raka su da yamma, ya ƙi. Yaya zai jera da 'yar fari a titi, ta riƙe masa hannu, mutane na kallo? Ko da Turawa ne da ba su san komai ba, shi ya sani. Ya koma zama a bakin taga. Labaran yamma suka tsaya, in na dawo sai in tarar da su shiru, karen ya ɗora haɓa a ƙafarsa. Na ji zafin shirun nan fiye da duk shirun yarintata, don yanzu na san abin da ke cikinsa.

Ana tsakiyar sanyi aka kwantar da shi a asibiti, kuma ba a shiga da kare. In likita ya zo, ina fassara, wannan ba laifi, maganar likita ce. In ya fita sai mu rasa ta yi. In gyara masa bargo, ya dubi silin. Kullum jikinsa ƙara sanyi yake.

Wata rana da la'asar na ga ya zuro hannu ta gefen gado, daidai inda kan karen zai kasance, yana motsa yatsu.

“Kai,” ya ce a hankali, “gaya wa uwar ɗakinka ta yi daidai, kada ta sa a ranta. Gaya mata ta kai ka gangaren nan. Ka daina tsoro, ba wanda zai ƙara faɗuwa.”

Na dubi daɓen da ba komai a kai, na ce, “Gaya masa na ji.” Bai kai ƙarshen makon ba.

Likitar dabbobi ta yi gaskiya, tsoron ya wuce. Kafin itatuwa su gama fid da sabon ganye karen ya koma yi wa yara tsalle, yana gangarawa ƙarƙashin titin yana kaɗa jela. Ni ce nake tsayawa a bakin gangaren, shi yana jan igiya yana waiwayena.